Maestro Tihomir Ya Ajiye Sanda

A safiyar ranar Talata, 4 ga watan Maris na shekarar 2025, Allah ya karɓi ran Maestro Tihomir Gerganov, mutumin da ya jagoranci ƙungiyar makaɗan garinmu kusan shekara arba'in. Ya rasu yana da shekara tamanin da uku, a gidansa da ke gangaren kogin Danube, bayan ya karya kumallo ya fita lambu don ya gyara rassan inabinsa. Matarsa Nevena ce ta leƙa ta taga ta gan shi zaune a kan benci, almakashi a cinyarsa, hularsa ta karkace kamar mai gyangyaɗi. 'Yarsu Ralitsa ta kira ni ina tsaye a layin gidan burodi, ta ce, "Anti Dafina, Baba ya tafi." Na ce mata to, kamar wadda aka gaya wa an ɗage lokacin bita. Sai da na iso gida na ajiye jaka sannan na fahimci abin da kunnena ya ji.

Maestro, ni ce Dafina Kolarova, mai busa algaita, wadda ta zauna a tsakiyar makaɗanka, daidai saitin idonka, tun tana budurwa har ta yi jikoki. Abokan aiki sun ce ni ce ya kamata in rubuta wani abu a madadinmu. Na zauna da niyyar kuka, na tanadi hankici, amma duk abin da na tuno game da kai sai in tarar dariya ce ke riga hawaye fitowa. Na san ba za ka ga laifina ba. Kai ne ka hana mu ɓata fuska ko da muna kaɗa kiɗan makoki, kana cewa baƙin cikin na masu sauraro ne, namu shi ne mu yi aikin da kyau.

An haife ka a wani ƙauye da ke gindin dutse, ɗan mai aski wanda yake busa sarewa a bukukuwan aure. Ka sha ba mu labarin yadda aka tura ka Sofiya, babban birnin ƙasarmu, koyon goge, malaminka ya saurare ka shekara biyu, sannan ya ce maka yatsunka na manomi ne, amma kunnenka ya fi na kowa a makarantar, don haka ka ajiye gogen ka je ka tsaya a gaba inda ba za ka cutar da kowa ba. Kakan ba da labarin nan kana alfahari, kamar lambar yabo aka ba ka. Kafin ka cika shekara talatin da biyar sunanka ya fara tashi a babban birni, ana cewa kai ne za ka gaji manya.

Abin da ya kawo ka garinmu kuwa, ba ka taɓa faɗinsa da bakinka ba, daga wasu muka ji. A wani babban taro na gwamnati a 1978, kana tsakiyar kiɗa sai wani babban jami'i ya iso a makare. Aka turo maka saƙo da hannu daga gefen dandali cewa ka tsaya a sake daga farko. Ka ga mai saƙon sarai, ka juya masa ƙeya, ka kai kiɗan har ƙarshensa. Bai jima ba aka ba ka takardar cewa an zaɓe ka ka je ka ƙarfafa al'adu a lardi, na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan shi ne ya zama rayuwarka, ya zama tamu.

Baba Penko, mai buga tambura, wanda ya riga mu duka shiga ƙungiyar, yakan ce a lokacin da ka zo rabin makaɗan jarida suke ɓoyewa a bayan takardar kiɗa, sauran rabin kuma hankalinsu yana kan kogi da fatsa. Ya ce a bitarka ta farko ka bar su suka kaɗa daga farko har ƙarshe ba ka tsayar da su ba. Da suka gama ka ajiye sanda, ka goge gilashinka, ka ce, "Madalla. Kowa ya iso lafiya, ko da yake ba tare muka iso ba. Bari mu koma mu ɗauko waɗanda muka baro a hanya."

Ni kuwa a 1981 na san ka. Na gama makaranta, aka ce ana neman mai algaita a garinmu. A zamanin mace takan riƙe goge ko ta zauna gaban piyano, amma layin masu busa na maza ne, kuma sun gaya wa mahaifina haka a fili a kasuwa. Da ka ji guna-gunin, ba ka yi musu da kowa ba. Ranar gwaji ka aro bargo daga wurin mai gadin zaure, ka rataya shi a igiya a tsakiyar dandali, ka ce duk mai neman aikin daga bayan bargo zai busa, kuma kowa ya cire takalminsa a ƙofa don kada a gane taku. Mu shida muka shiga da safa, ƙasa kuwa sanyi kamar ƙanƙara. Da aka gama, dattawan layin busa suka haɗa baki a kan na huɗu. Wani ma ya ce wannan huhun namiji ne na gaske. Ka ce to na huɗu ya fito. Na fito da takalmina a hannu.

Baba Penko ne ya fara magana, ya ce, "Maestro, bargon nan a ba ni aronsa, ina da 'ya'ya mata uku."

Kai kuma ka dube ni ta saman gilashi ka ce, "Yarinya, sa takalminki kada mura ta kama ki. Gobe da safe akwai bita, kuma ba na jiran kowa."

Mutane da yawa suna zaton aikinka kaɗa sanda ne a iska. Mu da muka zauna a gabanka mun san daren kiɗa ɗan ƙaramin abu ne, aikin yana can a safiyoyin bita, lokacin da zaure babu kowa sai mu da mai shara. Kana iya tsamo mutum ɗaya daga cikin sittin da ya karkace da ƙiris, amma ba ka taɓa kiran sunansa a bainar jama'a ba. Sai dai ka ce, "Akwai wani a cikin masu goge da bai karya kumallo ba, ina jin cikinsa a igiyarsa." Kowa ya yi dariya, mai laifin ya gyara, mutuncinsa yana nan. Ba ka yi mana magana da manyan kalmomin littafi. Kakan ce wa masu ƙaho sun zuba mai ya yi yawa. Kakan ce wannan wurin wake ne a tukunyar ƙasa, wutar kirki yake so ba gaggawa ba. Ni kuwa ba da sanda kake shigo da ni ba, da girar hagu ce. In ta ɗaga na san lokacina ya yi, in ta ɗaga tare da ta dama na san bayan an tashi akwai magana.

Ba zan ce ba ka da zafi ba, don duk garin zai ƙaryata ni. Sanduna nawa ka karya a kan teburin takarda, har ka daina saye ka koma fere su da kanka daga itacen lambunka. Wata rana ka yi wa Strahil, shugaban masu goge, tsawa a gabanmu har ya ɗauki gogensa ya fita. Da yamma sai ga ka a ƙofar gidansa rungume da kwalbar dakakken tattasai na Yaya Nevena. Strahil ya ce ba ka iya furta ban haƙuri ba, kana tsaye kana juya hula a hannu, daga ƙarshe ka ce, "Nevena ta ce in kawo maka wannan, kuma ta ce ni jaki ne." Strahil ya ce maka gaskiyar Nevena ce, ya buɗe maka ƙofa. Tun daga ranar, duk wanda aka ga kwalbar tattasai a kan kujerarsa da safe, mun san jiya ya sha faɗa.

Amma abin da garin nan ba zai manta da kai a kansa ba ya faru ne a hunturun 1996. Duk wanda ya rayu a lokacin ya san yadda tattalin arzikin ƙasa ya tsaya cik. An daina ɗumama zaure, muna bita da manyan riguna da safar hannu da muka yanke wa yatsu. Makaɗanmu suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi kaɗa goge a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, wancan ya koma gidan cin abinci a ƙasar waje. Ni ma masana'antar da mijina Marin yake aiki ta rufe, ga yara biyu, har na amsa wa wata ƙawata cewa zan bi ta Girka in yi jinyar wata tsohuwa. Ana cikin haka muka ji majalisar gari ta shirya rushe ƙungiyar da bazara, a ba wani ɗan kasuwa zauren ya zuba kujeru da gadaje na sayarwa.

A daidai wannan lokaci aka gayyace ka Jamus, wata babbar ƙungiya tana son ka zama jagoranta. Ka kira ni gefe kafin ka tafi ka ce, "Dafina, na ji zancen Girka. Ki ba ni zuwa bazara." Na ce to don kunya, amma a raina na ce mai tafiya ne yake cewa a jira shi. Babu wanda ya zarge ka. Strahil ma cewa ya yi in da shi ne ko waiwaye ba zai yi ba.

Sai ga ka ka dawo, da akwati biyu da ka cika da igiyoyin goge da karan bakin algaita da man ƙaho, babu ko riga ɗaya da ka sayo wa kanka. Baba Penko ya tambaye ka ko korar ka suka yi. Ka ce, "Penko, mutanen nan na ɗaga hannu suka shiga tare, na sauke suka tsaya tare. To me zan yi musu? Ku kuwa ko na shekara ɗari ban gama da ku ba."

Daga baya Yaya Nevena ta gaya mini har gida sun nuna muku, mai lambu da ɗumi a kowane ɗaki, kuma ita ta so zama. Ta ce a jirgin ƙasa na dawowa ba ta yi maka magana ba sai da kuka ƙetare iyaka biyu. Ina rubuta wannan don a san ba kai kaɗai ka yi sadaukarwar ba.

Da ka dawo ka ce tunda mutanen gari ba su da halin zuwa su saurare mu, mu za mu bi mutane inda suke. Ka samo aron wata tsohuwar bas daga masana'antar gwangwani, wadda sai an tura take tashi, muka shiga ƙauyuka. Mun kaɗa a ajin makaranta, mun kaɗa a rumfar ajiye tarakta, mun kaɗa a wani zaure da kaji ke kwana a bayan dandalinsa. A ƙauyen farko, tsofaffin mata suka zo da saƙarsu suka zauna a gaba. Da aka tashi wata daga cikinsu ta kama hannun rigarka ta ce, "Ɗana, kai ba ka iya busa komai ba ne suka ba ka tsinke?"

Ka sunkuya ka ce mata, "Inna, sun gwada ni da komai, wannan ne kaɗai da na riƙe ba wanda ya toshe kunne."

Ta ce, "To Allah ya taimake ka, ka dage, wata rana za su ba ka ganga."

Ba mu karɓi kuɗin shiga a ko'ina ba, amma ba mu taɓa dawowa bas ɗinmu babu kaya ba. Cuku, dankali, wake, tulun kindirmo, itacen wuta da muka riƙa hura murhu da shi a ɗakin bita. Kai ne mai rabo, kuma kullum sai ka manta da kanka, sai Strahil ya ware naka ya kai wa Yaya Nevena ta bayan gida. Abin da ban zata ba shi ne yadda mutanen nan suka saurare mu. Na ga wani tsohon makiyayi ya cire hula a tsakiyar wani kiɗa mai sanyi, ya riƙe ta a ƙirji har aka gama. Mun yi shekaru muna kaɗa wa manyan birni masu kwat da taye, mun manta ana iya sauraro haka. A hunturun nan ne ƙungiyarmu ta fi kowane lokaci iya kiɗa, da yunwarta da sanyinta.

Ranar da majalisa za ta zauna a kan maganarmu, ba ka rubuta koke ba, ba ka nemi ganin kowa ba. Ka ce mana kawai yau a filin tsakiyar gari za a yi bita, don rana ta fito. Muka jera kujeru daidai ƙarƙashin tagogin majalisa. Ba mu san ka aika ƙauyuka ba sai da muka ga taraktoci da amalanke suna shigowa ta kowace kusurwa, har filin ya cika maƙil. Muna farawa aka turo wani ma'aikaci ya ce shugaba ya ce ana damun zama. Ka amsa masa cikin ladabi, hannunka bai daina aiki ba, ka ce, "Gaya wa ranka ya daɗe ya yi haƙuri. Tunda za a karɓe zauren, gara mu fara sabawa da waje."

Can sai shugaban majalisa, Yordan, ya fito baranda da kansa, fuska a murtuke. Kana ganinsa ka juya wa makaɗa baya, ka fuskanci jama'a, ka ba mu alama muka ɗauko wata tsohuwar waƙar girbi da kowa ya sha da nonon uwa. Filin gaba ɗaya ya ɗauka. A layin gaba akwai wata 'yar tsohuwa da baƙin ɗankwali, ta ɗaga sandarta ta nuna baranda, muryarta ta keta waƙar: "Kai Yordan, sauko nan ka cire hula. Da wannan waƙar na yi maka rawa a goye." Mahaifiyarsa ce. Ashe tana cikin waɗanda muka kaɗa wa a rumfar tarakta. Har ka rasu kana rantsuwa ba ka san ita ce ba, mu kuma har yau ba mu yarda ba.

Yordan ya sauko, ya cire hula. Ba a rushe ƙungiyar ba. Ɗan kasuwar nan ma daga baya ya ba zauren kyautar sababbin kujeru na layin gaba, ya riƙa zuwa kowane kiɗa yana barci a ɗaya daga cikinsu, kai kuma ka hana a tashe shi, kana cewa mutum ba ya barci a inda bai amince ba. Ni kuwa na aika wa ƙawata ta nemi wata. 'Ya'yana sun girma a gaban uwarsu, kuma wannan yana cikin abin da ba ni da bakin gode maka.

Akwai wani abu da ya shafe ni ni kaɗai, wanda ban taɓa ba da labarinsa ba. Da Marin ya rasu a 2004, na koma aiki, amma duk lokacin da aka zo wuri mai sanyi a cikin kiɗa sai kuka ya taso mini, algaita kuwa ba ta yafe wa mai kuka. Na same ka na ce a mayar da ni kujera ta biyu, wani ya zama na gaba a masu algaita. Ka ce za ka yi tunani. Tunanin da ka yi shi ne kowace Lahadi ku zo gidana kai da Yaya Nevena da tukunyar miyar wake, ku zauna ku yi ta gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba, har in yi dariya ba da niyya ba. Da kaka ta kama ka sa mana wani tsohon kiɗa wanda a tsakiyarsa kowa yake yin ƙasa a bar algaita ita kaɗai ta yi doguwar tafiya. Na ce, "Maestro, ba zan iya ba." Ka ce, "Ai ba ke kaɗai ba ce a dandalin. Ke dai ki fara."

Ranar kiɗa zaure ya cika. Girarka ta ɗaga, na shiga, na yi rabi lafiya. Sai na hango kujerar da Marin yake zama, wani ne daban a kai, numfashina ya yanke. Na sauke algaita daga bakina. A ƙa'ida masu goge ya kamata su wuce gaba, in sun wuce kuwa kowa zai san na faɗi. Sai ka buɗe tafin hannunka na hagu a kansu, ka riƙe su a kan sauti ɗaya, siriri, suna ja suna komowa a hankali. Ba ka dube ni ba, ka kafe idonka a sama kamar dama haka aka rubuta. Ka riƙe su har na haɗiye abin da ya tokare ni, na ja iska, na ɗora daga inda na tsaya. Sannan ka saki hannu muka tafi tare.

Bayan kwana biyu wani mai sharhi ya rubuta a jarida cewa tsayawar nan ita ce mafi zurfin fahimta da ya taɓa ji a wannan kiɗa, kuma ta nuna jagoran ya yi dogon nazari. Ka karanta mana a wurin bita da murya mai nauyi, ka naɗe jaridar, ka ce, "Kun ji dai. Nazari." Strahil ya ce saura kaɗan hannunsa ya tsinke saboda nazarin. Ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban taɓa ba, kuma ban sake neman kujera ta biyu ba.

Yadda ka sauka ma darasi ne. A 2016, wata safiya ka zo bita ba ka buɗe takarda ba. Ka ce, "Jiya wani ya yi kuskure. Na gani a fuskokinku, ban ji a kunnena ba. Wanda ba ya ji bai kamata ya tsaya a nan ba." Muka ce za mu rufa maka asiri, mun san hannunka ko ido a rufe. Ka ce ka sani, kuma shi ya sa za ka tafi, don ba ka so a mayar da kai hoton bango. Ka tsaya kai da fata sai da aka ba Kalina, ɗalibarka, jagorancin, duk da masu cewa ta yi ƙuruciya. Daga nan ka koma layi na uku cikin masu sauraro, ba ka taɓa sa mata baki ba. Sai dai duk wanda ya zauna kusa ya san Yaya Nevena tana riƙe da hannunka na dama tun daga farko har ƙarshe, ba don soyayya kaɗai ba, don in ta saki tashi yake yi.

Ganina na ƙarshe da kai ranar ɗaya ga wannan wata ne, da na zo ɗaura maka zaren fari da ja na shigowar bazara kamar yadda na saba. Ka miƙo hannu kana kallon bakina don ka gane abin da nake faɗa. Na tambaye ka ko shirun yana damunka. Ka ce, "Wane shiru? Duk kuna nan cikin kaina, daga safe har yamma. Kuma Penko har yanzu a makare yake shigowa." Zaren yana hannunka aka same ka.

Ranar Alhamis muka raka ka. Bayan addu'a a coci, makaɗanka na da da na yanzu suka taru a maƙabarta, wasu daga ƙasashe masu nisa, kowa da kayan kiɗansa, Kalina ta shirya za mu kaɗa maka sallama. Ana sauke ka sai ruwan sama ya tsuge. Goge ba ya shan ruwa, algaita ma haka, dole kowa ya mayar da nasa cikin akwati. Muka tsaya cirko-cirko ƙarƙashin lema, an rasa abin yi. Sai Strahil, da tsufansa da rawar murya, ya fara rera layin gogensa da baki. Na kusa da shi ya ɗauka. Masu ƙaho suka shigo da hanci, ni na shigo da nawa, Baba Penko yana dafe da sanda yana bum, bum da kumatu. Mu da muka ƙare rayuwa muna kiɗa, ashe babu mai muryar kirki a cikinmu. Ban taɓa jin abu marar daɗi da ya kai wannan kyau ba. Muka kai shi har ƙarshe, ruwa yana zuba, babu wanda ya tsaya.

Da muka yi shiru Yaya Nevena ta share fuskarta, tana kuka tana dariya, ta dubi kabarin ta ce, "Ka gode wa Allah, Tihomir, da kunnenka ya riga ka tafiya." Sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana sumbatar goshinmu, tana zuba mana dafaffiyar alkama a hannu, sadakar mamaci kamar yadda aka saba a wurinmu.

Allah ya jiƙanka, Maestro. Allah ya gafarta maka zafinka, ya dubi alherin da ka shuka a garin da aka turo ka don a hukunta ka. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta cikin salama tare da iyayenka da abokan aikinka da suka riga ka. A madadin makaɗanka duka, ina miƙa ta'aziyya ga Yaya Nevena, wadda ta raba mijinta da mu ba ta taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba, da Ralitsa da ɗan'uwanta Boyan, da jikoki, da Kalina da ke ɗauke da nauyin da ka bari, da mutanen ƙauyukan da suka zo jana'izarka a taraktocinsu. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya tsaya muku, ya albarkaci zuriyarsa. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu gama namu da kyau idan lokacinmu ya zo.

Dafina Kolarova